Kwalaben Yashi a Bakin Taga

Amarya na goge kwalabenta a bakin taga sai ga Yayarta ta yi sallama, ta faɗo ɗakin tun ba a amsa ba. Tsofaffin kwalaben turare ne, kowace cike da yashi: ja daga manyan tuddai, fari daga tafkin gishiri, mai duhu daga gindin dutsen da mutanen zamanin da suka yi wa zanen raƙuman dawa. Mijinta ke kawo mata. Aikinsa ke nan, ya kwashi 'yan yawon buɗe ido a mota ya zaga da su cikin hamada, shi ya sa har a masallaci Jagora ake ce masa.

Yaya ta ɗaga kwalba ɗaya ta girgiza. "Mazan wasu sarƙa suke kawowa, naki ƙasa yake kwaso miki. Gini za ku fara ne?"

Amarya ta yi dariyar yaƙe. Yaya kuwa ba ta zo da wasa ba. Ta zaro waya ta nuna mata bidiyo: ga Jagora a kan tudu riƙe da jakar wata baƙuwa, ana ta selfi ana dariya. Ta ce mutumin da ya nuna wa duniya faɗuwar rana amma bai taɓa sa matarsa a gaban mota ba, ko dai kunyar nuna ta yake ji, ko akwai abin da yake ɓoyewa.

Maganar ta sami wurin zama, domin Amarya ta sha roƙonsa ya tafi da ita. Kullum sai ya shafa kanta ya ce, "Allah ya kai mu lokacin."

Da la'asar ya dawo, gira duk ƙura, yana murmushi yana laluben aljihu. Kafin ya fito da sabuwar kwalba ta tare shi.

"Tsakaninka da Allah, kunyata kake ji?"

"Kunyarki? Ni da ko shayi na dafa wa baƙi sai na ce ba kamar naki ba?"

"To gobe ka tafi da ni."

Ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Shirun nan ne ya fi mata ciwo. Washegari yana fita ta haɗa kaya ta nufi gidan iyayenta. Ta yi niyyar zubar da yashin a kwata, amma hannunta ya ƙi, sai ta naɗe kwalaben a ɗankwali ta cusa a jaka.

A gida Yaya ta karɓe zancen, tana zuba wa Baba bayani har da ƙari. Baba yana zaune a kan tabarma yana saurare. Amarya ta buɗe jaka za ta ɗauko hankici ta share hawaye, kwalbar jan yashi ta gangaro ta tsaya a ƙafarsa. Ya ɗauka, ya daɗe yana juya ta a tafin hannu.

Sannan ya ba su labarin da suka sani rabi-rabi. Ƙaninsa, wanda hotonsa ke rataye a falo, cikin waɗannan jajayen tuddai ya ɓata tun ba a haife su ba, ko takalminsa ba a gani ba. Don haka ranar da Jagora ya zo neman aure, sai Baba ya ja shi gefe ya ce ya ba shi ita, da sharaɗi ɗaya: kada ya taɓa shiga masa da 'ya cikin hamada.

"To me ya hana shi faɗa mini?" in ji Amarya.

"Da ya faɗa miki, da ni za ki yi fushi. Ya gwammace ki yi da shi." Baba ya ɗaga kwalbar. "Na hana shi kai ki, shi ne yake kwaso miki hamadar kaɗan-kaɗan. Wannan yaro, in aka bar shi, sai ya kwashe ta duka."

Yaya ta kama gyaran ɗankwalin da bai karkace ba.

Da yamma Jagora ya zo biko, ya durƙusa yana ba da haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Baba ya ce ya warware sharaɗin, amma fa da shi za a je, don ya gaji da tsoron wurin da bai taɓa yi wa ɗan'uwansa addu'a a cikinsa ba. Yaya ta ce ai ita ma sai ta bi su, don kula da Baba. Kowa ya gane yawon take so.

Suka ga tafkin gishiri yana ƙyalli kamar an shimfiɗa madubi. Suka sha ruwan marmaro a inuwar dabino, inda Yaya ta cika wayarta da hotuna har caji ya ƙare. A kan jan tudu Baba ya cire takalmi ya ɗaga hannu ya daɗe, da ya shafa sai fuskarsa ta saki.

Rana na shirin faɗuwa Amarya ta durƙusa ta cika wata kwalba da hannunta, ta miƙa wa mijinta.

"Yau ni na kawo maka tsaraba."

"Gini za mu fara ne?" ya tambaya a hankali, yana satar kallon Yaya. Ashe labari ya kai masa.

'Yan'uwa mata, ba kowane shiru ne ɓoye-ɓoye ba, wani shirun alkawari ne ake riƙo. Mutumin da ya tsare amanar mahaifinki har ya yarda ki zarge shi, taki amanar ba za ta zube a hannunsa ba. Kafin ki auna miji da ma'aunin 'yar'uwa, ki fara duba abin da ya jera miki a bakin taga.