Wasanni Bakwai na Mehrab

Ranar da Mehrab ya fara saka farar rigar ƙungiyar Shahon Matrah, ranar ya fara ganinta. Yana durƙushe yana ɗaure takalmi a bakin filin Amirat da ke Maskat, inda ake kurket, wasan jifan ƙwallo da dukanta da sanda, sai ga wata budurwa ta fito daga mota da sauri, riƙe da gidan tabarau.

"Don Allah, ina alƙalan wasa suke zama? Abbana ya manta tabaransa."

"Alƙali babu tabarau?" in ji Mehrab. "Ki mayar da shi gida, 'yar'uwa. Yau ranar sa'armu ce."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Abbana ko ido rufe ya fi ka sanin wasan nan. Kai ne sabon mai jifan da ake ta zuzutawa? Na ɗauka ka fi haka tsawo."

Ta wuce ta bar shi da igiyar takalmi a hannu. A wasan ranar ya fitar da masu duka biyar daga wasa da jifansa, amma da ya koma gida ba labarinsu ya bai wa ƙanwarsa Banadi ba.

"Mahikan ce," in ji Banadi tana dariya. "Ajinmu ɗaya a makarantar koyon jinya. 'Yar Waja Dostain. Yaya, ka rasa wadda za ka tsokana sai 'yar mutumin da shekara talatin ba a taɓa ganin haƙorinsa a fili ba?"

Sai da ya yi mako biyu yana lallaɓa Banadi kafin ta kai saƙonsa, ta dawo da lambar wayar Mahikan.

Ya rubuta: "Gajeren mai jifa ne. Na zo ban haƙuri."

Ta amsa: "An karɓa. Na ga wasanka na biyu. Ka ɗan ƙara tsawo."

Daga nan hira ta kama. Da safe yana gyaran injin jiragen ruwa a shagon kawunsa, da la'asar yana atisaye, tsakani kuma wayarsa ba ta hutawa. Yana ce mata Mahina, tana ce masa Shahona. Kafin wasa na biyar sunansa ya cika Maskat, har ana cewa masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo kallonsa.

Sai ya tura mahaifiyarsa gidan Waja Dostain. Ta sha gahawa, ta ci alewar halwa, ta dawo jiki a sanyaye.

"Bai ce a'a ba, bai ce to ba. Ya ce ba yanzu ba. Kuma na ji ƙanwarsa tana nema wa ɗanta Gohram."

Mehrab ya san Gohram sarai. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar Ruwi, kuma da su za a kara ranar Asabar, a gaban masu zaɓen. Sun haɗu ranar Alhamis a wurin mai shayi, Gohram ya dafa kafaɗarsa kamar aboki.

"Bakanike, an ce kana da gudu. Ka dai miƙe hannun nan da kyau, ka ji? Akwai masu kallo."

Da yammacin Juma'a saƙonta ya shigo.

"Shahona, don Allah kar ka yi wasan gobe. Ka ce ba ka da lafiya. Kar ka tambaye ni dalili."

Ya karanta sau uku, kansa ya ɗau zafi.

"Gobe fa za a zaɓe ni. Ko ɗan gwaggonki kike jiye wa kunya?"

"Wallahi ba haka ba ne. Na yi alkawarin ba zan faɗi abin da na ji ba. Ka yarda da ni sau ɗaya."

Ya kife wayar.

Asabar ta zo da rana mai zafi. Masu zaɓen su uku suna zaune a rumfa da littattafansu. Waja Dostain ne alƙali na biyu, yana tsaye daga gefe inda yake ganin hannun mai jifa sosai. A kurket doka ce hannu ya juyo a miƙe; wanda ya lanƙwasa gwiwar hannu sannan ya miƙe ta da ƙarfi, ya yi jifan haram.

Gohram ne riƙe da sandar duka. Mehrab ya rugo, ya saki ƙwallo. Kafin Gohram ya motsa, sandunan nan uku da yake karewa a bayansa sun tarwatse. Fili ya ɗauki ihu.

"No-bol!"

Ihun ya mutu. Waja Dostain ya miƙa hannu gefe, alamar jifan bai halatta ba, fuskarsa ba walwala.

Mehrab ya dubi layin da aka hana mai jifa tsallakewa. Ƙafarsa ba ta tsallake ba. "Waja, me na yi?"

"Gwiwar hannunka, ɗana. Sake."

Ya koma, gumi na shiga masa ido. Ya sake rugowa, yana jin idon kowa a kan hannunsa.

"No-bol!"

Gohram ya jingina da sandarsa yana murmushi. "A hankali, bakanike. Ba sifana kake jifa ba."

Karo na uku Mehrab ya rage gudu, ya daddage hannun har kafaɗarsa ta yi ƙara. Muryar tsohon ta sake fitowa, wannan karon a dusashe. Kyaftin ɗinsu ya zo ya karɓi ƙwallon daga hannunsa ba tare da ya dube shi ba. A rumfa, ɗaya daga cikin masu zaɓen ya rufe littafinsa.

A cikin mota ya rubuta wa Mahikan.

"Ashe kin sani. Abbanki ya share wa Gohram hanya, ke kuma kin riƙe masa fitila. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Amsarta ta zo bayan sa'a guda. "Ka zage ni, na yafe. Amma Abbana bai taɓa sayar da idonsa ba. Ranar da ka gane, ka san ƙofarmu."

Aka dakatar da shi har sai an gwada hannun. Aka manna masa 'yan na'urori, aka ɗauki hoton jifansa ta kowane gefe. Likitan ya nuna masa hoton ƙashin.

"Ka taɓa karyewa a nan?"

"Ina ɗan shekara tara. Na faɗo daga jirgin ruwan Abbana."

"Ta ɗore a karkace. In ka yi gudu, dole ta lanƙwashe. Ba ha'inci kake ba, amma alƙalin ya ga daidai."

Wata huɗu yana ƙoƙarin sauya jifa. In hannun ya miƙe, gudu ya tafi. In gudun ya dawo, gwiwar ta karye. Gwaji na biyu ma ya faɗi. Wasa bakwai, mutum ashirin da uku a waje: iyakar abin da aka rubuta ƙarƙashin sunansa ke nan.

Ranar da ya je mayar da rigar ƙungiya, kocinsu ya tsayar da shi a ƙofa, yana ta murza hularsa.

"Akwai abin da ya hana ni sakat. Tun bayan wasanka na uku Dostain ya same ni, ya ce in cire ka a ɓoye a gyara hannun. Ya sake zuwa. Ni kuma ina son kofin gasa, na yi shiru. Ranar Juma'ar nan ta jajibirin wasanmu da Ruwi har roƙo ya yi a canja shi daga wasan, ba a samu wani ba. Gohram ne ya kai ƙarar hannunka a rubuce, amma ni na cuce ka."

Mehrab ya jingina da bango. Sai wayarsa ta yi ƙara. Banadi ce.

"Yaya, gobe bayan la'asar gidan su Gohram za su kai gaisuwa. Mahikan ta ce ba ta so, amma an taru a kanta. Ta rame kamar ba ita ba. In za ka motsa, ka motsa."

Bai ko sauya kayan aiki ba. Ya tarar da Waja Dostain shi kaɗai a ɗakin baƙi. Tsohon ya zuba masa gahawa.

"Waja, na zo neman gafara. Na zarge ka a zuciyata, na zarge ka a bakina. Hannuna ne karkatacce, ba idonka ba."

Tsohon ya daɗe yana juya ɗan kofinsa. "Shekara talatin ban ga yaro mai gudunka ba. Ranar nan da na koma gida ban iya cin abinci ba. Da na amsa wa mahaifiyarka tun farko, da na tsaya a filin nan a matsayin suruki, kuma ina tsoron da na kau da kai. Shi ya sa na ce ba yanzu ba."

"Yanzu fa, Waja? Ba ni da kurket. Injin jirgi kawai na iya."

"Ni ƙwallo na ce zan aurar?"

Ya ɗaga murya ya kira 'yarsa. Mahikan ta tsaya a bakin labule, idanunta sun yi ja.

"Ga shi ya zo. Me kika ce?"

"Abba, ka tambaye shi wace ce ta riƙe fitila."

Mehrab ya sunkuyar da kai. "Wauta ce ta rubuta, Mahina. Kin so ki cece ni, na ƙi ji. Ki yafe mini."

Ta share idonta da gefen mayafi. Sannan ta ce, can ƙasa, "Wata huɗu, Shahona. Wata huɗu ina duba waya."

Waja Dostain ya yi gyaran murya, ya jawo wayarsa. "To, bari in kira ƙanwata tun kafin ta sayi halwa. Za ta yi shekara ba ta yi mini magana ba."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu da ke Matrah. 'Yan ƙungiya duka sun zo, har kocin, ya zauna can baya. Gwaggon ba ta zo ba, amma ta aiko da turare. Ana shafa fatiha wayar ango ta motsa a aljihu.

"An ɗaura?"

"An ɗaura, matata. Abbanki ya yi kuka."

"Kai fa?"

"Ni gumi ne."

"Maƙaryaci. Taho gida."

Allah ya sanya albarka a gidan Mehrab da Mahikan, ya ba su zuriya ta gari, ya sa su tsufa tare.