Tantabarun da Suka Ƙi Sabon Gida

Auta tana shanya a barandar benen da suka tare cikinsa, sai ga wani saurayi a bakin matakala, rungume da kwali mai motsi.

"Salamu alaikum. Ni ne kafintan da ya kama hayar tsohon gidanku. Waɗannan baƙin naku ne?"

Tantabarun Baba ne. Tun da aka yi ƙaura suka ƙi zama, da an sake su sai su miƙe tsohon gida. Baban ma ya rage magana, ya rage ci, kullum yana jikin taga.

Kafinta ya riƙa dawo da su har aka saba. Wata rana Auta ta ga saƙonsa a waya:

"Farar ta sake zuwa. Na tambaye ta lafiyarki, ta ƙi faɗa. Dole in zo da kaina."

Ta amsa tana murmushi: "Allah Ya shirye ka. Sai ka zo."

Ɗan mai benen, wanda shi ma yake son Auta, ya tari Baba da magana: "Hatsi yake zuba musu don su koma, ya sami hanyar zuwa gun 'yarka."

Baba ya fusata. "Wanda ya yaudari tsuntsayena ba zan ba shi 'yata ba. Kada ya ƙara taka min matakala!"

Auta ta yi kuka, ta kai ƙararta ga Ubangiji, sannan ta tura wa kafinta saƙo: "Da gaske kana zuba musu hatsi?"

"Ina zubawa, Tantabarata. In bar su da yunwa? Amma ba shi ke jawo su ba. Ki ɗan ba ni lokaci."

Bayan kwanaki, sai ga kafinta a ƙofar bene da katakai cike da amalanke, yana neman izinin Baba. Baba ya sauko a murtuke, ya duba katakan. Tsohon akurkin tantabarun da Baba ya ƙera da hannunsa ne, har da ƙusoshinsa karkatattu. Kafinta ya kafa shi a saman rufi, yana fuskantar gabas kamar da. Aka rufe tantabarun a ciki har suka yi ƙwai. Da aka buɗe, suka zaga sama, suka dawo.

Baba ya dube shi. "Ka san yanzu ba ka da dalilin zuwa gidan nan?"

"Na sani, Baba. Gara su zauna a wurinka."

Baba ya ce, "To, turo manyanka, ka sami dalili."

Ranar da za a kai amarya gidan da aka haife ta, Baba ya dafa kanta yana dariya, idonsa cike da ƙwalla.

"Tsuntsaye sun zauna, Auta ce ta gudu tsohon gida. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Amin, Baba."