Wa Ke Kwance Kantar Malam?

Da hantsi ne, ana yayyafi, kafinta ya shiga ɗakin wani tsohon malamin Larabci zai kafa masa kantar littattafai. 'Yar malamin ce ta riƙe masa katako. Sau ɗaya ta ɗago ido, ya sauke guduma a kan yatsansa.

"Sannu," ta ce, tana danne dariya. "Laifin katakon ne."

Malam na gefe da ƙamus a cinya. Ya tambaye shi ko ya san kalmar "ainu". Kafinta ya ce karatunsa bai kai nan ba. Malam ya ce tana nufin ido, da idon ruwa, da ɗan leƙen asiri, har da zinariya.

"To Malam, su Larabawan ba sa rikicewa? Ni tun a ta biyu na ɓata."

Malam ya gyara zama. Ɗalibansa sun daɗe da daina tambaya, gyaɗa kai kawai suke yi. Ranar sai yamma kafinta ya fita, kansa na juyawa, da lambar wayar 'yar Malam a aljihu.

Soyayya ta yi nisa, ya turo manyansa. Malam ya ce a'a, yaron bai yi karatu ba, kuma akwai babban ɗalibinsa da ya riga ya nuna yana so.

Kafinta ya ɗauke ƙafa. Sai ga kira daga gidan: kantar littattafai tana rawa. Ya je ya ɗaure, Malam na yi masa bayanin "ainu" ba tare da ya dube shi ba. Ba a jima ba ta sake rawa. A kan kowane sukuru ya ga kartar bakin wuƙa.

Ya tura wa 'yar Malam saƙo: "Malamata, ki daina kwance kantar nan, kada ta faɗo wa Baba. Ko ba kanta ina sonki."

Ta amsa: "Ni? Na ɗauka kai kake barinta sako-sako don ka dawo, kafintana. Har daɗi nake ji."

Ya karanta, ya sake karantawa. Ko ɗalibin ne ke son ɓata masa aiki? Amma wannan ko kujera ba ya ja da kansa.

Mahaifiyarta ce ta warware zancen, ranar da ta nemi wuƙar yanka albasa ta rasa. Ta tarar da Malam a kan kujera yana fama da sukuru, yatsansa na jini.

"Malam, wannan kuma ma'ana ta nawa ce?"

Ya sauko daga kujerar. Can ya ce, "Yaron yana sauraro."

"To ka ba shi 'yar, ka bar min wuƙata."

"Bai yi karatu ba."

"Waɗanda suka yi, wa ya taɓa tambayarka komai?"

Haka aka ɗaura auren. Malam ya sa musu albarka, addu'ar ta yi tsawo har amarya ta yi kuka.

Bayan biki, ango ya zo gaishe da surukai. Kantar na rawa. Ya ɗaure ta, ya zauna ya saurari wata sabuwar ma'anar, ya yi tambaya, bai gane amsar ba.

Da zai tafi, ya dubi tabon da ke yatsan tsohon. Ya zaro ƙaramin sukudireba daga jakarsa, ya ajiye a bayan ƙamus.

Malam ya gani. Ya buɗe shafi na gaba.