Audi a Jikin Shawul

Ku 'ya'yan yanzu ba ku da aiki sai latse-latsen waya. Ciki bai kai wata huɗu ba kun zauna kuna tsintar suna, wai kuna neman wanda ba kowa ke da shi ba. Ba za ku tako ku tambayi tsohuwar da ke bayan katangarku ba, don a ganinku ba ta iya komai ba sai tari da faɗa. To suna ba kwalliya ba ne. Kowane suna da labarin da yake goye da shi. Ku saurari abin da rashin tambaya ya jawo a gidan da muke haɗa katanga.

Gidan wata dattijuwa ne da kowa ke kira Inna, tana zaune da 'ya'yanta maza biyu. Babban bakanike ne, garejinsa na bakin titi, mutum ne da hannunsa ke riga bakinsa magana. Ƙaramin yana gyaran wutar lantarki, ana ce masa Injiniya. Shi ya auri wata tela, marainiya, wadda ya fara gani ranar da ya je gyara mata soket a shago. Gyaran minti goma ya kai shi la'asar. Bakanike bai taɓa son auren ba. Kullum maganarsa ɗaya: "Tun da yarinyar nan ta shigo, ba ka da uwa ba ka da wa. Ta mallake ka."

Wata ranar hutu, cikinta na wata shida, tana kan keken ɗinki, shi yana kwance a tabarma da waya a hannu.

"Madam tela, tsayar da keken nan ki ji. Tanko. Nomau. Anaruwa. Cindo."

"Cindo? Sai ka bari ya fito ka ƙirga masa yatsu tukuna," ta ce tana dariya, don wannan kam ta san na mai yatsa shida ne.

"To ga wani. Audi. Gajere, ga sitayil, kamar sunan mota."

"Me yake nufi?"

Ya latsa, ya girgiza wayar, ya ɗaga ta sama. "Data ta ƙare. Ai ba zai wuce alheri ba. Ki ɗinka mana shi a shawul da shuɗin zare, mu riƙa kiransa da shi a gida."

"Idan mace ce fa?"

"Sai ki warware, ai ba hayar allurar kike biya ba."

Da sun leƙo sun tambaye ni, da na faɗa musu. Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata. Nomau an haife shi ana tsakiyar noma, Anaruwa kuwa ana sheƙa ruwan sama ya faɗo. Audi shi ne yaron da ubansa ya mutu ya bar shi a ciki. Ba su tambaya ba. Ta zauna ta ɗinka, baƙi huɗu manya-manya, har da fulawa a gefe.

Ciki na wata takwas, tsani ya zame da Injiniya daga saman falwaya, kansa ya bugi bakin kwalbati. Aka kwashe shi zuwa asibiti bai san inda yake ba. Kwana uku tana zaune a bakin gadonsa, ba ya motsi sai numfashi. A rana ta huɗu nas ta ce ta je gida ta huta saboda cikin. Ta kasa kwanciya, sai ta fito da kayan jariri ta wanke don hannunta ya samu abin yi, ta shanya a igiyar tsakar gida.

Da azahar bakanike ya shigo, hannunsa baƙi da man inji, bel ɗin mota rataye a kafaɗarsa. Ya tsaya gaban igiyar ya karanta da ƙarfi.

"Audi. Wane ne kuma Audi?"

Kofin da ke hannun Inna ya faɗi. "Me ka ce? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna. A jikin shawul na gani."

Inna ta ɗora hannu a ka. "Ba a kiran yaro Audi sai ubansa ya mutu kafin a haife shi. Ɗana yana numfashi, ke har kin yi masa marayan ɗa?"

Tela ta fito daga ɗaki da kumfa a hannu. "Inna, wallahi ban sani ba. Shi ne ya..."

Marin bakanike ya yanke maganar. Ta faɗi a kan bokiti. Bakanike ya sauke bel ɗin nan ya shiga zuba mata, a baya, a wuya, a fuska. Ta dunƙule ta rufe cikinta da hannu biyu, ba ta kare ko ido ba.

"Yaushe kika ɗinka? Kafin ya faɗo ko bayan ya faɗo? Ke kika jefo shi, muguwa!"

"Yaya, ka tambaye shi idan ya tashi."

"Kin san ba zai tashi ba, shi ya sa."

Ya taka mata wuyan hannu da takalmin aiki, har ta katanga na ji ƙarar ƙashin. Na shigo da sandata ina ce masa ya ji tsoron Allah, ya ture ni na faɗa kan baho. Ya shiga ɗakinta ya ɗauko kan keken ɗinki ya maka da bango. Sannan ya kama ta ta gashi, ya ja ta a ƙasa tun daga igiyar shanya har ƙofar gida, ya wurga ta titi, ya jefa mata jiƙaƙƙen shawul a fuska. Inna na tsaye, ba ta ce ya bari ba.

Kafin maƙwabta su ɗaga ta, faya ta fashe. Wasu suka sa ta a mota, wasu suka kira 'yan sanda. Kafin magariba ta haifi namiji, ɗan mitsitsi, a asibitin da ubansa ke kwance, bene ɗaya tsakaninsu.

A rana ta tara Injiniya ya buɗe ido. Ita ya fara nema. Aka turo ta a kujera, hannu cikin filasta, ido ɗaya a rufe, jariri a cinya. Ya daɗe yana kallonta. Ta ce masa faɗuwa ta yi. Ni na faɗa masa gaskiya, don ban ga amfanin rufa wa azzalumi asiri ba. Inna na bakin ƙofa. Ya juyo da ƙyar ya dube ta.

"Inna, ni na zaɓi sunan. Ni na ce ta ɗinka. Ita ce ma ta tambayi ma'anarsa."

Inna ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka.

Ranar da aka sallame shi bai shiga gida ba. An ba da belin wansa, yana gareji a ƙarƙashin wata mota. Injiniya ya dogara sandar asibiti har can, ya jawo shi ta ƙafa, ya sauke masa sandar a goshi. Jini ya rufe wa bakanike ido. Injiniya ya yar da sandar ya ɗauki ƙarfen jak, ya ɗaga da hannu biyu. Mutane suka watse. Sai ga tela ta sauko daga motar da ta biyo shi da ita, jariri a hannun da ke da lafiya. Ta shiga tsakaninsu ta tsaya.

"Matsa."

"Ba zan matsa ba. Idan ka kashe shi, kai ma kashe ka za a yi. Ka tashi daga gadon mutuwa don ka tabbatar wa yaron nan sunan? Audin kake so ya zama?"

Can Injiniya ya saki ƙarfen ya faɗi a ƙasa. Ya karɓi ɗansa, suka juya.

Washegari da safe ya shigo wurina ya durƙusa.

"Goggo, wannan karon tambaya na zo yi. Yaron da aka kori uwarsa da cikinsa, ta haife shi a waje, me ake ce masa?"

"Korau," na ce.

Matarsa ta roƙe shi kada ya ɗora wa yaro faɗan manya. Ya ce sunan kirki yana nan a takarda, wannan na gida ne, kuma gaskiya ne. Ya kama musu haya a wata unguwa, ya sayo mata sabon keke. Hannun ya warke da ɗan karkata, amma tana ɗinkinta, mijinta na gefenta har yau. Ta yafe wa Inna tun kafin a cire filasta. Haƙurinta ne ya tsare mata miji da ɗa. Ku kuma ku riƙa tambaya kafin ku raɗa, ku riƙa tambaya kafin ku ɗaga hannu.

A kotu tela ta ce ta yafe. Alƙali ya ce nata ta yafe, na jaririn da aka fito da shi ba lokacinsa ba kuwa ba ta da ikon yafewa. Bakanike ya yi shekara guda a gidan yari, ya fito da tabo a goshi, matarsa ta tafi. Ya ɗauka ya gama biya.

Yaron na da shekara shida uban ya riƙo hannunsa har gareji, da rana tsaka, masu motoci na zaune a benci.

"Baffa," in ji yaron, "a makaranta an ce kowa ya faɗi ma'anar sunansa. Abba ya ce kai ka fi kowa sanin nawa."

Bakanike ya dubi ƙanensa. Ƙanen ya harɗe hannu yana jira. Ba inda zai shiga. Ya ajiye sifana, ya durƙusa a cikin baƙin mai daidai tsawon yaron, ya faɗa masa da bakinsa wanda ya kori uwarsa, da abin da ya doke ta da shi, da hannun da ya taka. Yaron ya saurara har ƙarshe. Da bakanike ya miƙa hannu zai dafa kansa, ya ja da baya ya ɓuya a bayan ubansa.