Faifan Baba Fiyus

Ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe Mai Zane, yarinyar da ke tsara zanen surfani, ta danna maɓallin kwamfutar shagonsu, kwamfutar ta yi ƙara sau ɗaya, ta fito da layi guda na fararen haruffa, ta tsaya cik. Ta kashe, ta sake kunnawa har sau huɗu. A na biyar ta ɗora hannu a ka ta kira Goggo.

Goggo ce mai shagon, kuma ƙanwar mahaifin Mai Zane ce. Injinan surfani uku take da su, dukkansu kuwa ba sa ɗaga allura sai da umarnin wannan tsohuwar kwamfuta. A cikinta akwai zane dubu ɗaya da ɗari biyu, aikin shekara goma sha ɗaya, kuma babu kwafinsu a wani wuri.

Injiniya, mai gyaran injinan, shi ya fara magana.

"Goggo, wa ya taɓa ta a ƙarshe? Ba wannan tsohon ba ne ranar Asabar?"

Tsohon da yake nufi shi ne Baba Fiyus. Shekara talatin ya yi yana gyaran rediyo a wannan layin kafin ya koyi kwamfuta yana da hamsin da biyu, kuma duk Asabar ɗin ƙarshen wata yakan zo ya buɗe ta Goggo ya share mata ƙura. Kafin ƙarfe goma labari ya gama layin cewa tsohon ya kwashe zanen ya kashe kwamfutar. Mutum biyu suka je shagonsa suka karɓe kayansu ba a gyara ba.

Sajan ɗin 'yan sanda da Goggo ta kira ta iso da ɗan littafinta. Mace ce marar yawan magana. Ta sa aka kira Baba Fiyus, ya shigo da tabarau rataye a wuya, ya gaida kowa har da wanda bai amsa ba.

"Baba, ana zarginka."

"Na ji tun a hanya, 'yata. Ki bar ni in shiga cikinta, ita za ta faɗa mana abin da aka yi mata."

"Ai ba ta tashi."

"Ba ta tashi da ƙafarta. Idan aka ba ta faifan tayarwa za ta tashi da nasa. Ina da guda a jaka."

Sajan ta girgiza kai. "Ban yarda da faifan wanda ake zargi ba. Ban san abin da ke cikinsa ba."

Baba Fiyus ya dube ta ta saman tabarau. "Kin iya aikinki. To, ki sayo sabon faifai da hannunki, in haɗa wani a gabanki."

Haka aka yi. Ta sayo faifai a cikin ledarsa, ta kulle shagon Goggo, ta bi shi nasa shagon, wani ɗaki mai ƙunci da ke warin dalma. Ya ja mata kujera kusa da tasa kwamfutar.

"A da," in ji shi, "da ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu muke wannan aiki, wanda ake kira flofi. Ta Goggo ba ta da ramin saka shi, tawa ma nata ramin ya mutu tun shekara shida. Amma kafin ya mutu na ɗauki hoton flofin gaba ɗaya, daga bakinsa har ƙarshensa, na ajiye shi fayil guda. Ga shi nan."

"Sai ka kwafa shi a kan faifan ke nan."

"Nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Idan kika kwafa shi kamar waƙa, faifan zai ɗauke shi a matsayin kaya, kwamfuta kuwa ba za ta waiwaye shi ba. Dole ki gaya wa manhajar cewa faifan tayarwa kike so, sannan ki nuna mata hoton, ta ajiye shi a ƙofar faifan, inda kwamfuta take fara leƙawa. Daga nan sai kwamfutar ta ɗauka flofi aka ba ta."

"Yaudararta za ka yi?"

"Rarrashi dai, ranki ya daɗe. Yaudara aikin waɗanda kike kamawa ne."

Ya buɗe hoton ya nuna mata abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa: abin tayarwa, abin duba lafiyar rumbun da kwamfuta take ajiye komai a ciki, abin kwafa, da abin dawo da fayil da aka goge. Ya zaɓi gudu mafi ƙanƙanta, domin tsohuwar kwamfuta ba ta karanta faifan da aka buga da sauri. Da faifan ya fito, bai taɓa shi ba. Sajan ta ɗauka, ta sa hannu a bayansa, ta riƙe a jakarta.

Suka koma da rana tsaka. Baba Fiyus ya jona wani rumbu na dabam wanda Sajan ta ga babu komai a cikinsa, domin kada a rubuta ko harafi ɗaya a kan na Goggo. Sannan ya shiga shafin da ake tsara abin da kwamfuta za ta fara nema idan an kunna ta. Nan ya dakata.

"Sajan, rubuta wannan. Na zo in ce mata ta fara da faifai, na tarar an riga ni. Ni a kan rumbu na bar ta."

Sajan ta saka faifan da kanta. Kwamfutar ta yi gurnani, allon ya yi baƙi, ɗan layi yana ƙyaftawa a kusurwa yana jiran umarni. Baba Fiyus yana rubutu da yatsu biyu, amma ba ya goge abin da ya rubuta. Ya nemi jakar zane, babu komai. Goggo ta zauna a kan buhun zare.

"Kada ki yi kuka tukuna," in ji shi. "Idan aka goge fayil, sunansa kawai ake cirewa daga rajista. Jikinsa yana nan muddin ba a zuba wani abu a kansa ba."

Ya ba da umarnin dawowa. Sunaye suka fara gangarowa a kan allon kamar ba za su ƙare ba. Mai Zane ta matso tana karantawa. A ƙarshensu sai ga wani babban fayil da ba ta sani ba.

"Wannan ƙunshi ne," in ji Baba Fiyus. "Ɓarawon ya tattara zanen wuri guda don ya ji daɗin ɗauka, ya kwafa, sannan ya goge komai, ya lalata abin da ke tayar da ita."

"Yaushe aka yi shi?" Sajan ta tambaya.

Ya gyara tabarau ya karanta. "Asabar, ƙarfe uku da minti ashirin na yamma."

Injiniya ya tafa hannu. "To, madalla. Wa ke zaune a nan a lokacin?"

"Ni ne," in ji Baba Fiyus, "ni kaɗai."

Sajan ta rufe littafinta. Tsohon bai tashi ba. Ya sake rubuta umarni biyu gajeru, ya karkata allon ta yadda ita kaɗai za ta gani, ya nuna mata agogon hannunta. Agogonta ya ce Litinin, ƙarfe ɗaya na rana. Kwamfutar ta ce Lahadi, ƙarfe shida na yamma. Ya raɗa mata magana a kunne. Ta sake buɗe littafin, ta ce kowa ya fita, za ta kira su ɗaya bayan ɗaya.

Mai Zane ta fara shiga.

"Wa ya san kalmar sirrin kwamfutar nan?"

"Ni da Goggo."

"Agogonta yana tafiya daidai?"

"Da dai ba ya yi. Shekara biyu kullum da safe sai na saita shi, da an kashe ta ya manta. Amma ranar Asabar Baba ya sa mata sabon batir, ya ce kyauta ne. Ni na karanta masa lokaci daga agogona, wajen ƙarfe biyu, sannan na tafi kai kaya."

"Wa kika gaya wa?"

"Goggo kawai. Ta ce Allah ya saka masa."

Maigadi ya shigo yana murza hularsa.

"Wa ya shiga shagon nan ranar Lahadi?"

"Mutum biyu, ranki ya daɗe. Injiniya ya zo zuba wa injina mai, kamar kowace Lahadi, daga tara zuwa sha biyu. Mai gugan shagon kuma ya zo wajen biyar na yamma, ya manta takalminsa. Ni na bi shi ciki, ko zama bai yi ba."

"Baba Fiyus fa?"

"Bai zo ba. Ni kuwa wannan akwatin, ko inda ake kunna shi ban sani ba."

Na ƙarshe Injiniya. Ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Kana nan ranar Asabar?"

"Ba na zuwa Asabar. Amma kowa ya san ranar tsohon ce."

"Ka san kalmar sirri?"

"Ba a taɓa ba ni ba. Shekara bakwai ina nan, ba a taɓa ba ni ba."

"Na ga agogon kwamfutar ba daidai yake ba. Kana ganin hakan yana da wata ma'ana?"

Ya yi dariya. "Sajan, kada wannan ya ɗauke miki hankali. Agogon nan matacce ne, da an kashe ta yake mantawa. Tambayi kowa."

"Na tambaya," in ji ta.

Ta tara su duka, ta ce wa Baba Fiyus ya yi bayani. Ya miƙe tsaye, ya cire tabarau.

"Wanda ya yi aikin nan da faifai ya shiga, shi ya sa na tarar an sauya tsarin tashi. Mai kalmar sirri ba ya bukatar faifai, saboda haka ba Goggo ba ce, ba kuma 'yar ɗan'uwanta ba. Da ya shiga, kafin ya taɓa komai sai ya ja agogo baya zuwa yammacin Asabar, domin duk abin da ya yi ya ɗauki lokacin da nake zaune a nan. Ni da nake da hankalina ba zan ja agogo zuwa sa'ar da za ta nuna ni ba. Bai ma tsaya ya tambayi kwamfutar kwanan wata ba, ya rubuta nasa kai tsaye. Da ya gama kuma bai mayar da agogon ba. Me ya sa? Ya san cutarta ta da, ya ɗauka da ya kashe ta za ta manta. Bai san na warkar da ita ba. Sabon batirin ya riƙe ƙaryar, ya ci gaba da ƙirga ta har yanzu. Kwamfutar tana baya da awa goma sha tara daidai. Ku ɗora awa goma sha tara a kan uku da ashirin na yammacin Asabar."

Mai Zane ta lissafa da yatsu. "Goma da minti ashirin na safiyar Lahadi."

 Maigadi ne ya fara juyawa ya dubi Injiniya, sai kowa ya bi idonsa.

"Buɗe akwatin kayan aikinka," in ji Sajan.

A ƙarƙashin tsummokaran mai aka sami ƙaramin rumbu naɗe da jarida. Da aka jona shi, ƙunshin yana ciki. Injiniya ya sauke ƙafarsa. Ya ce wani babban shago ya yi masa alkawarin shugabancin injina idan ya zo da zanen, kuma ya goge na nan ne don kada Goggo ta iya yin takara da su. Game da tsohon kuwa, cewa ya yi ya ɗauka ba za a tsananta wa mai furfura ba.

"An tsananta," in ji Baba Fiyus. "Tun safe ake ɗauke kaya daga shagona."

Goggo ta taso ta durƙusa a gabansa. "Yaya, na ji magana a kanka na yi shiru. Ka yafe mini."

"Tashi, tashi, za ki ɓata zanen jikinki da ƙurar zare. Na yafe. Amma gobe za ki sayo faifai goma, a kwafe zanen nan kashi biyu, ɗaya ya riƙa kwana a gidanki."

Ya koma kujera ya gyara abin da aka lalata. Kafin ƙarfe huɗu kwamfutar ta tashi da kanta, injin farko ya ɗaga allura ya fara zuba jan zare. Masu shagunan layin da suka taru a ƙofa suka buɗe masa hanya da zai fita, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓe kayansu da safe yana tsaye rungume da rediyonsa, ya kasa haɗa ido da shi.

Sajan ta tsayar da shi a bakin motarta.

"Baba, muna da kwamfutoci huɗu na shaida a ofis, babu wanda ya iya buɗe su ba tare da ya ɓata abin da ke ciki ba. Za ka zo ranar Alhamis ka koya wa mutanena haɗa faifan nan?"

"Su nawa ne?"

"Shida. Biyu suna da digiri."

Baba Fiyus ya gyara rataye jakarsa.

"Ba komai, zan yi haƙuri da su. Kowa ya zo da faifai biyu. Na farkon lalata shi za su yi."