Alif a Ruwan Talibambam

Ku dai ba ku gajiya da tambaya. Mutum ya yini kan turmi, ya zo ya miƙe ƙafa, sai ku tsare shi wai mi ya sa bokon yanzu har kwaɗo ake karantawa. Ga malamanku can, sai ni da ban taɓa taka aji ba za ku dama? To ku gyara zama. Wanda ya katse ni, na yi shiru.

A Gummi an yi wata yarinya 'yar aji biyar mai kaifin kai. Ta kuma san tana da shi, abin da ke damun kakarta Iyatu ke nan.

Wata damina, cikin dogon hutu, aka zaɓi yara masu ƙoƙari. Aka ce za a koya musu sanin fadama da abin da ke zaune cikinta. Yarinyar nan tana ciki.

Malam Sanusi ne mai koyarwar. Ya kai su fadamar bayan gari, suka shiga ruwa har gwiwa. Ya nuna musu talibambam, 'ya'yan kwaɗin nan baƙaƙe masu wutsiya. Ya zuba wa kowa goma a bokiti. Ya ce su riƙe su a gida har su yi ƙafafu. Wanda ya raini nasa da kyau, shi zai shiga motar Bukkuyum, inda za a haɗu da yaran Anka a babbar fadama. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ruwan fadama kaɗai, kada a ƙara komai.

Ta iso gida da bokitinta, ruwan kore shar da gansakuka. Iyatu ta leƙa ta taɓe baki.

"Ashe miyar kuka aka aiko muna da ita daga makaranta. Ina tuwon?"

Yaran gida suka yi ta dariya. Yarinya ta ji kunya. Ta san abin da Innarta ke yi in ruwan randa ya yi laka: ta jefa ɗan alif, kafin a jima ruwa ya kwanta. Ta ce a ranta, ai tsabta ba ta taɓa zama laifi ba. Kowa zai kawo bokiti mai dauɗa, nata kaɗai zai zo fes. Ta ɗebo alif daga gwangwanin Inna, ta jefa, ba ta tambayi kowa ba.

Ruwa ya washe kamar kwalba. Ta yini tana yaba kanta.

Da safe ta tarar da uku sun mutu, sun taso sama, ciki a waje. Sauran bakwai sun lafe a gindin bokiti, da ƙyar wutsiya ke motsi. Ta ruga ɗakin kakarta.

Iyatu ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar.

"Alif kika sa. Ke ce mai kan da ake faɗi? Ɗauko ƙwarya."

Tsohuwa ta yi gaba, yarinya na binta da bokiti. A hanya ba ta raga mata ba. Ta ce shekara arba'in tana shiga fadama aikin shinkafa, ba ta taɓa ganin talibambam cikin ruwa mai haske ba. Koren nan da ta raina shi ne tuwonsu.

Suka kwashe bakwai ɗin da ƙwarya, suka wanke bokiti, suka cika shi da ruwan fadama. Nan yarinya ta ga talibambam birjik a bakin ruwa. Ta ce a hankali, ai in ta kama uku sun cika goma, Malam ba zai gane ba.

"Kama," in ji Iyatu. "Amma ki sani, da ƙafafun nan nawa masu ciwo zan riga ki zuwa wurinsa."

Yarinya ta janye hannu.

Ran Litinin ta tsaya gaban Malam Sanusi ta faɗi komai. Malam ya ce talibambam jikinsa ba shi da kauri, abin da ke cikin ruwa duk yana shigarsa. Alif ya ƙone su, ya kuma kwantar da abincinsu. Ya ce ta karya sharaɗi, don haka za ta maimaita bayanin gaban 'yan aji, kuma ita za ta riƙa ɗebo ruwan bokitin aji kullum. Zancen Bukkuyum kuwa, sai abin da bakwai ɗin suka yi.

Kwana tara tana duba su safe da yamma. Ta rage surutu, har Inna ta tambaya ko lafiya. Ran na goma ta ga 'yan ƙafafu biyu a jikin ɗaya, sirara kamar zare. Kafin mako ya zagayo duk bakwai sun yi. Ta zauna daɓas a ƙasa ta yi ajiyar zuciya. Iyatu ta ce to madalla, yanzu a bar mutane su ci abinci.

Da suka zama 'yan kwaɗi, aka mai da su fadama, suka yi tsalle suka shige ciyawa. Da Malam ya karanta sunayen masu tafiya, nata ne na ƙarshe, amma yana ciki. Ya ce da ta cika goma da ƙarya, da ta zauna gida.

To kun ji. In an ba ka amana an ce kada ka ƙara komai, kada ka ƙara. In wayonka ya raya maka gyara, tambayi na gaba da kai tukuna. In kuma ka ɓata, faɗi da bakinka, shi ya fi sauƙi.

Ke Laraba, kife ƙwaryar can. Makau, na ga idonka, babu wani ƙari. Kowa ya kama tabarmarsa, ku tai ku kwanta.