Kunkurun Layin Majema

Ƙarfe shida na safe daidai wani murfi ya buɗe a gefen kwalta, Kunkuru ya leƙo. Faifan ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, kaurinsa bai wuce na katifa ba. Ya sulale a kan ƙananan tayoyinsa ba ƙara, ya shige ƙarƙashin motar farko, ya miƙa hannaye huɗu ya riƙe ƙafafunta, ya ɗaga ta kamar taƙi guda daga ƙasa. Ya tsallaka da ita ɗaya gefen titin, ya ajiye, ya koma ɗauko ta gaba. Kafin shida da rabi motoci goma sha tara sun bar hannun dama, kwalta ta kunna kanta, koren layi na haske ya miƙe tun daga bakin kasuwa har gada. Sai kekuna suka fara kwararowa.

Tasi'u yana tsaye a kwanar layin da allon aikinsa a hannu, bakin nan har kunne. Injiniya ne a Hukumar Zirga-zirga ta birnin Dutsen Rima, kuma shi ne sakataren ƙungiyar masu keke, wato dai mai shari'a da mai ƙara a riga ɗaya. Shekara uku ya kwashe yana ƙera wannan na'ura. A takarda sunanta Na'urar Sassauta Hanya, amma tun ranar da mutanen layin suka ga yadda take rarrafe suka raɗa mata Kunkuru, sunan ya bi ta.

Asalin rigimar ba wani abu ne mai nisa ba. A shekarar 2091 yawancin ma'aikatan masana'antun sola da ke hayin gada da keke suke zuwa aiki, kuma Layin Majema ne hanya mafi kusa. Gidajen layin kuwa ginin kakanni ne, zaurukansu jaki zai shiga amma mota ba za ta shiga ba. Kowa a ƙofar gidansa yake ajiye motarsa. Da hukuma ta ce daga shida da rabi zuwa tara hannun dama na masu keke ne, sai aka yi ta. Masu gidaje suka riƙa jera turame da bencina a kan koren layin. Masu keke suka riƙa tafiya ayari guda suna kaɗa ƙararrawa, da gangan, a daidai tagogin mutane. An fasa madubin mota ya fi a ƙirga, an kuma watsa wa mutane ruwan wanke-wanke, wai kuskure ne. A ƙarshe masu gidaje suka saduda, kowa ya riƙa kawar da motarsa bayan sallar asuba yana ƙunƙuni.

Kowa ban da Hajiya Gambo. Tsohuwar ungozoma ce, shekarunta saba'in da takwas, ita kaɗai a gida mai lamba sha ɗaya. Ita ta yanke wa rabin layin cibiya, har da Tasi'un kansa, kuma ba ta bari a manta. 'Yar motarta ruwan toka ba ta motsawa sai an buga mata ƙofa. Kullum Tasi'u sai ya taka birki, ya jingine keke, ya ƙwanƙwasa.

“Goggo Gambo, ina kwana? Motar nan dai.”

“Lafiya lau. Kai kuma ka zo, sarkin gaggawa? Ranar da za a haife ka ma kwana biyu ka sa muna jira, yau ni ce ba za ka iya jira minti biyar ba?”

Sai ta fito tana jan silifas, ta shiga motar, ta tsallaka da ita ƙarƙashin darbejiyar da ke daura da gidan, ta ajiye ta a karkace, gindinta ya ɗan leƙo titi. Shekara huɗu ana haka. Tasi'u ya sha faɗa wa abokansa cewa taurin kan tsohuwar nan ne ya sa shi zama ya ƙirƙiro Kunkuru.

Abin da bai sani ba, ba kuma wanda ya sani a layin, shi ne ba taurin kai ba ne. Shekarun baya Hajiya ta taɓa zamewa a kicin, ta yi awa guda kafin ta iya tashi. 'Yarta Mansura, wadda ke aiki a Legas, ta zo da niyyar tafiya da ita, ta ce akwai ɗaki a hawa na arba'in da ɗaya yana jiranta. Hajiya ta ce gidan da aka kawo ta amarya, a nan za a ɗauki gawarta. Mansura ta kawo munduwar lafiya, irin wadda ke kiran asibiti da kanta idan mutum ya faɗi. Hajiya ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaura mata igiya. Da gardama ta yi tsawo sai ta ce, “Ke, ina da mai buga mini ƙofa kullum, ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. In bai ji ni ba, ɓalle ƙofar zai yi.” A kan haka suka rabu: muddin ana buga ƙofar, za ta zauna a gidanta. Ranar da aka daina, sai Legas.

Saboda haka ranar da Mai Unguwa Rufa'i ya tara jama'a a ƙofar gidansa bayan la'asar domin Tasi'u ya yi bayanin na'urar, Hajiya Gambo ce kaɗai ba ta tafa ba. Tasi'u ya yi bayani tiryan-tiryan. Ba wanda zai ƙara katse barcinsa. Ba tara, ba faɗa. Wanda ya ga dama ya kawar da motarsa da kansa kafin shida, Kunkuru ba zai taɓa ta ba. Wanda bai kawar ba, Kunkuru zai kawar masa, ya dawo da ita ƙarfe tara. Sannan ya faɗi abin da ya fi alfahari da shi. Na'urar ta nazarci hotunan kyamarorin layin na shekara biyu, ta koyi inda kowa ke son ajiye motarsa da yadda yake ajiye ta, don kada wani ya fito ya ga an sauya masa wuri ransa ya ɓaci.

Hajiya ta ɗaga hannu daga kan kujerar da aka ajiye mata a gefe.

“To idan abin nan naku ya ɗauke motar, wa zai buga mini ƙofa?”

Wuri ya kaure da dariya. Malam Ɗahiru tela, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da nata, ya ce, “Haba Hajiya, ai mu mun ɗauka bugun ƙofar ne ke tayar miki da hawan jini.”

Tasi'u ya ce, “Goggo, ai kin huta da ni ke nan. Ni ma na huta da bakinki.”

Ta dube shi, ta yi kamar za ta ƙara wani abu, sai ta gyara mayafi ta ce Allah ya sa alheri. Girman kai ne ya hana ta, kuma ba na ganin laifinta. Matar da ta yi shekara arba'in ana buga mata ƙofa don a nemi taimakonta, ba ƙaramin abu ba ne ta tsaya gaban yaran da ta wanke ta ce tana tsoron faɗuwa.

Kunkuru ya kama aiki, kuma gaskiya ya yi aiki. Aka kwashe turame aka mayar cikin gida. Madubai suka zauna lafiya. Tafiyar da a da take cin Tasi'u minti goma sha biyu daga kasuwa zuwa gada ta koma minti huɗu, bai ko sauke ƙafa ƙasa. Idan ya zo daidai gida mai lamba sha ɗaya yakan kaɗa ƙararrawa sau biyu, don tsokana, ya wuce.

Hajiya ba ta gaya wa Mansura an daina bugun ƙofa ba. Wata dabara ta sake. Tana idar da sallar asuba sai ta fito ta riga Kunkuru, ta kai motar ƙarƙashin darbejiya da hannunta. Maza na dawowa daga masallaci su ga mota a karkace, su ce Hajiya ta tashi lafiya. Dama haka layin yake tun fil azal: ba a shiga gidan babba da sassafe a tambaye shi ko yana da rai, alama ake dubawa. Na wani tabarmar da ya shanya, na wani hayaƙin kicin. Ta Hajiya motarta ce.

Ranar wata Litinin, cikin wata na uku, ta fito tsakar gida da mukullin mota a hannu, ƙafarta ta zame a gefen famfo. Ƙashin ƙugu ya karye. Wayarta tana can ɗaki a kan gado. Ƙarfe shida Kunkuru ya iso ƙofar gidan, ya tarar da mota a kan koren layi, ya yi abin da aka koya masa. Ya ɗauke ta, ya kai ta ƙarƙashin darbejiya, ya ajiye ta a karkace, gindinta ya ɗan leƙo titi.

Da yamma Mansura ta kira ba a ɗauka ba. Ba ta damu sosai ba, don uwar tata ta saba barin waya ta yi ta kuka. Duk da haka ta kira Malam Ɗahiru.

“Lafiyarta ƙalau,” in ji shi, keken ɗinkinsa na ƙara. “Da idona na ga motarta da safe, ta ajiye ta yadda ta saba. Kin san halin Hajiya da waya.”

Talata ta kira gidan Mai Unguwa, aka ba ta amsa iri ɗaya. Ba ƙarya suka yi mata ba. Dukansu sun san akwai Kunkuru, sun ji bayaninsa da kunnuwansu, amma ido ya riga ya saba, kuma wa zai ce inji ne ya ajiye mota haka a karkace?

Laraba da hantsi Tasi'u na ofis, wata takarda ta shigo allonsa daga shugaban hukuma. Layin Majema ya yi wata uku ba ƙorafi ko ɗaya, don haka an amince a baza Kunkuru a layuka ɗari huɗu na tsohon gari, ana jiran sa hannunsa. Bai gama karantawa ba waya ta shigo, baƙuwar lamba.

“Malam Tasi'u? Mansura ce, 'yar Hajiya Gambo. Don Allah yau da ka buga mata ƙofa, ya ka ji muryarta?”

“Ai lafiyarta lau, yanzun nan na ga mo…”

Bai ƙarasa ba. Da ka buga mata ƙofa, haka ta ce. Ya buɗe rajistar na'urar, ya nemo mota mai lamba sha ɗaya. Duk safiyar watannin nan an rubuta mai ita ta kawar. Litinin, Kunkuru. Talata, Kunkuru. Laraba, Kunkuru.

Bai san yadda ya isa layin ba. Ƙofar a sakace take ta ciki. Suka kafa tsani ta gidan Malam Ɗahiru, Tasi'u ya dira tsakar gidan. Tana kwance a gefen famfo, ta ja zanen da ke kan igiya ta rufe kanta saboda rana, buta a kusa da bakinta. Ruwan butar nan da ɗigon famfo su suka riƙe ta. Da ta buɗe ido ta gan shi, leɓunanta suka motsa, amma murya ba ta fito ba. Malam Ɗahiru yana saman katanga yana ta salati, hawaye na bin gemunsa.

Likitoci sun sa mata sabon ƙugu, irin wanda ake bugawa da inji daidai da jikin mutum, suka ce za ta taka. Tasi'u bai iya zuwa dubiya ba sai ranar Juma'a, kunya ta hana shi. Kafin ya tafi ya buɗe takardar shugaban, ya rubuta tambaya ɗaya a gurbin sharhi: a cikin layuka ɗari huɗun nan, gidaje nawa ne mutum ɗaya ke kwana a ciki? Amsa ta dawo daga kwamfutar hukuma kafin ya ɗauke yatsa. Ba a tattara wannan adadi ba, domin bai shafi zirga-zirga ba. Za a fara aiki ɗaya ga wata.

Ya tarar da Mansura a bakin gadon tana ninke kayan uwarta cikin akwati. Ta amsa gaisuwarsa ba yabo ba fallasa, ta ce da an sallame su jirgin ƙasa za su hau, ta riga ta ba Mai Unguwa mukullin gidan. Tasi'u ya saci kallon Hajiya, yana jiran ta tayar da ƙura kamar yadda ta saba. Sai ta gyaɗa kai kawai. Wannan sallamawar ta fi masa zagi ciwo.

Ya durƙusa a gefen gadon.

“Goggo, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Da kin faɗa mini…”

“Da na faɗa, da ka zo don tausayi. Ni kuwa na fi son ka zo da fushinka.” Ta numfasa, muryarta ƙasa-ƙasa. “Tashi, ba ka yi mini komai ba. Aikinka ka yi, kuma ka iya.”

Ya kasa tashi. Ta ɗora hannu a kansa, tana kallon silin.

“Ina jin ka fa. Safiya uku ina jin ƙararrawarka, sau biyu-biyu. Ranar farko na kira sunanka da ƙarfi. Rana ta biyu ma na kira.” Ta yi ɗan murmushi. “Hanyar taku ta yi kyau ƙwarai, ɗan nan. Ko birki ban ji ka taka ba.”